Layin da ke Gaban Rigar Tukunya

Ban taɓa mantawa da ranar da wata tukunyar ƙasar Peru ta kusa mayar da Ɗanlami gida Funtuwa ba. Lokacin ni ne shugaban masu ɗaukar kaya a wani zauren nuna kayan tarihi a birnin Lusail, can ƙasar Larabawa. Ku sababbi ku riƙe ƙa'idar: akwati in ya zo daga filin jirgi, sai ya yi kwana guda a rufe, ya saba da sanyin ɗakin. Namu ɗauka ne da ajiyewa, da safar hannu. In aka ga lahani a jikin kaya, rahoto ake rubutawa da sunan wanda ya tura keken kayan. Wanda sunansa ya shiga kuwa, sai ya fara haɗa jaka.

Ɗanlami ne ya tura, kuma a bakin lif keken ya ɗan yi tuntuɓe. Kowa ya ji.

Washegari da safe muka buɗe. Tukunyar siffar mutum ce a zaune, da hula mai kusurwa huɗu da riga mai zane, fuskarsa a murtuke kamar kawuna in an taɓa masa rediyo. Mudir ɗinmu, wato manaja, Ustaz Walid, ya haska tocila ya ga wani siririn layi daga wuya har ƙasa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ta tsage. Wa ya tura?"

Ɗanlami ya ce, "Ni ne, Ustaz." Mutumin da watan jiya ya samu takardar izinin kawo iyalinsa.

Na sunkuya ina duban layin. Na yi aiki a Jidda, na yi a Istanbul, amma abin da ya zo mini a rai rumfar babana ce a Kura, inda yake haɗa ƙyallayen saƙi su zama riga. Layin nan a miƙe yake, zanen dama da na hagu sun haɗu a kansa, kuma a bakin rigar ya tsaya, bai gangara ƙafa ba.

Na ce, "Ustaz, tsagewa ba ta san inda riga ta ƙare ba. Wannan ɗinki ne. A jinkirta rahoton har Daktar da ta rako kayan ta iso."

Ya ce, "Yanzu kai ne masanin?"

"A'a, ɗan tela ne kawai."

Ya ba mu zuwa azahar. Dakta Elena, wadda ta rako kayan daga Lima, babban birnin Peru, ta shigo da hotunan da aka ɗauka kafin a rufe akwatin. Ta sa gilashin duba, ta yi dariya. Ta ce mutanen can na zamanin da ƙyalle biyu suke saƙawa su haɗe a tsakiya, magini kuma har ɗinkin ya zana. Layin ya girmi kakannin kowa a ɗakin.

Ustaz Walid ya yage takardar rahoton. Ɗanlami ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Yaya Isa, na gode." Na ce ya huta, ai ya fi tukunyar tsagewa.

Abin da na koya, ku dubi kaya da kyau kafin ku dubi wanda za a ɗora wa laifi. Iyalin Ɗanlami sun iso bayan sati uku, kuma har yau in ya zo bakin lif sai ya tsaya ya yi bisimilla.