Hannuna Tsakanin Kawu da Ɗiyarsa

Shekarar da na karye a hannun dama, zabo nake kora a bayan gidanmu na Kende, na yi tuntuɓe da turmi. Mutanen gari kuwa na ce musu babur ne ya kayar da ni a hanyar Illo.

Wajen kawuna aka kai ni, ƙanen mahaifiyata, maɗorin da har daga Benin ake tsallako masa da masu karaya. Ya sa ƙarti biyu suka danne ni, ya shafa man shanu, ya tofa addu'a, sannan ya ja hannun sai da na kira kakata wadda ta rasu tun ina goye. Ya jera karare ya ɗaure.

"Kwana arba'in. Ko ƙuda ya sauka, kak ka motsa shi," in ji Kawu.

Na bi umarnin har na zarce. Wata biyu ina kwance a rumfa, matata na ba ni tuwo a baki. Ƙashi ya haɗe lafiya lau, amma da aka kwance ɗorin sai hannun ya ƙi lanƙwasuwa, yatsun suka sandare kamar busasshen kifi.

Ana haka sai ɗiyar Kawu ta zo hutu. Gashin ƙashi ta karanta a jami'a, tana aiki a wani asibiti a birni. Taubashiyata ce, tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa. Ta jujjuya hannun, ta dubi mahaifinta.

"Baba, ɗorinka ya yi kyau, amma ka maishe shi muciya."

"Ni ƙashi nika gyarawa," Kawu ya ce. "Ragwanci ba aikina ba na."

Washegari ta fara. Ta gasa hannun da tawul da ruwan zafi, ta kama gwiwar tana lanƙwasawa tana miƙewa, ina ihu, ita kuwa tana ƙirga har goma cikin natsuwa. Ta sa ni matse lemu, ta sa ni tafiyar gizo-gizo da yatsu a jikin katanga. Da ta ce damun fura da matse wanki su ma magani ne, na duba sai na ga matata ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Na kai ƙara wajen Kawu. Na ce shi sau ɗaya ya azabtar da ni, ɗiyarsa kuwa safe da yamma.

"Tana ƙirga nawa?" ya tambaya.

"Goma, Kawu."

Ya ɗaga murya ya kira ta. "Ƙara mishi biyar."

Kafin hutunta ya ƙare na kai loma bakina da kaina, na kuma riƙe fartanya, abin da ban yi murna da shi sosai ba.

Bayan ta koma, na tarar da Kawu yana kwance wa wani masunci daga Illo ɗori. Yana gamawa ya ce masa ya je gida ya riƙa matse wankin matarsa safe da yamma, yana ƙirga goma sha biyar.

Masuncin ya zaro ido. "Wanki, Malam?"

"Awo," in ji Kawu, ko kallona bai yi ba. "Asirin gidanmu na. Wajen kakana na gada."