Wasiƙar da Na Karanta wa Kawu

A unguwar Williamsville aka haife ni. Na yi lakwal, wato boko, Faransanci ya zauna a bakina, shi ya sa duk takardar da ta shigo layin 'yan albasa na Adjamé ni ake miƙo wa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shekara talatin yana saukar da fatake daga Nijar. In ya ce "wannan nawa ne", magana ta ƙare. Neman shaida bayan haka zagi ne.

Da wannan kalma tasa na yi ta'asa. Na kama ɗan ofis a Treichville, na buga takardu masu tambari, na ce hannun jari nake sayarwa na wani kamfanin sanyaya albasa. Kamfanin a bakina kawai yake, izinin hukuma kuwa ko nema ban yi ba. Na roƙi Kawu ya ce ni nasa ne, ya faɗa bayan sallar Juma'a. Ribar da na riƙa ba fataken da suka fara zuba kuɗi, kuɗin na baya ne.

Duk da haka idon Kawu bai bar kaina ba. Yakan tambaye ni ina injinan suke, in ce suna tashar jirgin ruwa, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ranar nan hukumar da ke sa ido kan hannun jari ta aiko wasiƙa shagonsa, don adireshinsa na sa a takarduna. Ta ci ni tara mai nauyi, ta umarce ni in daina karɓar kuɗi nan take. Kawu ya miƙo mini ita gaban fatake huɗu. Na karanta da murmushi, na ce yabo ne hukuma ta aiko.

"Ɗan nan, yabo da jan tambari?" in ji shi. Ya ninke ta ya sa aljihu.

Da na tsaya a nan, da tara kawai zan biya. Na ci gaba da karɓa. Shi kuwa ya hau tasin woro-woro ya kai wa wani mai sayar da magani ya sake karanta masa. Da kansa ya rako jami'ai har ƙofar ofishina. Aka rufe ofis, aka gurfanar da ni, na yi shekara uku a kaso. Kafin in fito, fatake sun sauya masauki.

Na tuba, na durƙusa gabansa, ya ce ya yafe. Ku matasa, wanda duk ya zo muku da jari, ku nemi takardar izininsa, ku kai wa wani dabam ya karanta, ko da ɗan uwanku ne. Ku da kuka yi boko kuma, kada ku sayar da idon da iyaye suka saya muku.

Jiya wasiƙar ruwan famfo ta zo. Kawu ya ba ni, na karanta masa daidai, harafi da harafi. Ya yi godiya, ya ninke ta, ya sa takalmi ya nufi wurin mai magani.