Goyon Ranar Baftisma

Har yau idan na tuna abin da Kawu ya yi mini a shekarata ta biyu a jami'a a Dubai, sai zuciyata ta hau tafasa. Kawu ƙanin Ummata ne, yana da shagon takalma a unguwar Naif, kuma a hannunsa Baba ya damƙa ni. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: ranar da Kawu ya kawo ƙarata, ranar zan tattara kayana in koma Kano, karatu ya ƙare.

Ina da ƙawa a aji, 'yar Meksiko, iyayenta na aiki a nan. Yayarta ta haifi namiji, za a yi masa baftisma a coci, daga nan a yi walima a gida. Na ce mata coci kam ba za ni ba, amma gidan zan zo. Wa ke ƙin zuwa barka?

Ina shiga kakar yaron ta kama hannuna ta ja ni kicin. Tsohuwar ba ta jin Turanci ko kaɗan, ƙawata ce ke fassara. Ta nuna mini wata tukunya a gefe, ta ce abincin bikinsu da kitsen alade ake kwaɓa shi, amma nawa da man gyaɗa da kaza ta yi, a sabuwar tukunya. Ƙullin masara ne a naɗe cikin ɓawonta, an turara kamar alala. Na ci har na fara jin kunya.

Shi kuwa jaririn tun daga coci yake tsala ihu. An sa masa doguwar farar riga mai kaushi, kiɗa na tashi, ana ta miƙa shi hannu hannu ana hoto. Uwar ta rasa yadda za ta yi, ita ma hawaye ya cika mata ido. Ni da na goyi duk ƙannena, ina zan iya kallo? Na cire mayafina, na sunkuya, na ce a ɗora mini shi. Na ɗaure, na shiga jijjiga ina zagaya falon. Kafin waƙar ta ƙare ya yi barci. Tsohuwar ta dafe ƙirji tana kuka, wai haka uwarta ta goye ta a ƙauyensu, da mayafi irin wannan. Wani ya ɗauke mu hoto, aka sa a intanet.

Washegari wata 'yar ɗakinmu a unguwar Hor Al Anz, mai ido a wayar kowa, ta tura wa Kawu. Ya aiko in zo shago. A gaban masu ciniki ya ɗaga wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu: ga ni ba mayafi, ga ɗan ƙaramin gicciyen da ke wuyan yaron ya kwanta a kafaɗata.

"Abin da aka turo ki yi ke nan?" in ji shi. "Khalas, magana ta ƙare. Je ki haɗa kayanki."

"Kawu, ka bari in yi maka bayani."

"Na riga na yi wa babanki."

Abin da ya faɗa wa Baba shi ne an gan ni a coci da gicciye a wuya. Ƙarya tsagwaronta. Ko tambaya ɗaya bai yi mini ba. Mutumin da ke washe baki yana habibi habibi ga duk Kiristan da ya zo sayen takalmi, mai cinye shinkafar Kirsimetin maƙwabtansa har ya nemi ƙari, shi ne yau goyon jariri ya zame masa kafirci. Na tsaya cikin kwalayen takalman nan cike da takaici, ban yi kuka a gabansa ba, wallahi ba zan ba shi wannan ba. Da yamma Baba ya turo saƙo cewa in shirya, za a yanko mini tikiti.

Umma ce ta kira ni ta bidiyo, ta ce in turo mata hoton. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ɗaurin ya yi ƙasa," ta ce. "Haka na koya miki? Dubi wuyan ɗan mutane."

Sai ta ƙara jefo mini wata tambayar.

"Me kika kai musu na barka?"

"Ba komai, Umma."

"Kin je gidan haihuwa hannu rabbana, kin zauna kin cinye musu abinci? Kin ba ni kunya."

Faɗanta ke nan duka. Daga baya na ji ta kai wa Baba wayar, ta tambaye shi gicciyen a wuyan wa yake, kuma wannan falo ne ko coci. Baba ya duba, ya sake dubawa. Maganar tikiti ba ta ƙara tashi ba.

Amma Umma ba ta gama da ƙaninta ba. Da Kawu ya je Kano ganin gida, ta haɗa masa turmin atamfa da sabulai da zanin goyo na saƙi, ta ce barkar mutanen nan ce, kuma da hannunsa zai kai. Yana dawowa ya turo mini jakar kayan ta saman kantar shagonsa.

"Ungo, kai musu."

"Umma ta ce da hannunka, Kawu. Ko in kira ta?"

Ya harare ni, ya ɗau makullin mota. Tsohuwar ba ta koma ƙasarsu ba tukuna, ita ta buɗe mana. Da ƙawata ta gaya mata wannan kawuna ne, ta kama hannunsa ta ja shi kicin, ta sauko da tukunyar nan tawa ta dafa masa irin abincin da ta ba ni. Ina tsaye ina kallonsa ya zauna ya cinye tas, har da lashe yatsa.

Na gama karatuna, na karɓi takardata. Har yau Kawu bai ce mini in yi haƙuri ba, ni ma har yau ban ce na yafe ba.