Zayyanar Baffana

Har yau in na ji warin tawadar da aka haɗa da ƙaro, sai raina ya ɓaci. Kada ka ɗauka tawadar na tsana. Mai ita na tsana, baffana, yayan mahaifina.

A Ɗantutture muka tashi, kuma duk ƙasar Kurfi babu mai hannunsa a ajami. Yakan fiƙe alƙalamin gamba, ya zagaye gefen takarda da zayyana ja da baƙa, ya ja wutsiyar harafi ta naɗe kamar saƙar faifai. Har daga Dutsin-Ma ake zuwa ya rubuta wa mutane wasiƙa, shi kuwa kansa sai ƙara kumbura yake.

Wata bazara, mahaifina yana haƙar kuza a Jos, ƙyanda ta kwantar da ƙanena. Inna ta durƙusa a bakin zauren Baffa, ina bayanta.

"Malam, a rubuta mashi shi taho. Yaron nan ko kai bai ɗagawa."

"Ba a tarar matafiyi da mugun labari," in ji shi. "Ki bar mani aikina."

Maƙwabcinmu da zai kai saƙon ya zo da safe, yana saurin ya sami mota a Dutsin-Ma. Baffa ya ce zayyana ba ta cika ba, kuma takarda ba ta fita daga hannunsa tsirara. Sai a tafiyar wani, bayan mako, ta bar gari. A cikinta gaisuwa a kan gaisuwa, addu'a a kan addu'a, can ƙasa kuma ya ce yaro yana ɗan jin jiki, amma da sauƙi.

Mahaifina bai taso ba sai da ruwan shuka ya sauka. Ya shigo da 'yar taguwa ta yaron, da wasiƙar a naɗe cikin fata, yana murna wai a barikin kuza hannu-hannu aka yi ta kallonta. Mu kuwa tuni mun binne ƙanena. Baffa ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma da an rubuta yadda Inna ta ce, da ubansa ya riƙe shi kafin ya cika. Ban yafe ba.

Yanzu tsofaffi 'yan uwana na ƙorafin yara suna aiko saƙo ta waya babu ko sallama. Ni ba na cikinsu. Bara jikata ta rubuto mini, a karkace, "Baba ba lafiya ki zo yanzu." Na je, na tarar da ɗana da ransa.