Ranar da Laka Ta Kusa Sauke Ni daga Kujera

A unguwar Hayyus Sabi'i ta Masar ni ne mai kamfas. Duk ɗalibin da ya kama sabon ɗaki, kafin ya shimfiɗa darduma sai an kira ni na saita masa alƙibla. Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma kujerar nan tawa ce, ko mataimaki babu.

Cikin shekarun nan da Masar ke ta sauya shugabanni, 'yata mai karatun duwatsu a jami'a ta dawo gida da hoton wani bututu cike da laka.

"Baba, daga ƙasan tekun ƙanƙara aka haƙo ta, can ƙuryar arewa."

"Duk lakar Nilu ba ta ishe su ba?"

Ta ce laka hawa-hawa take kwanciya, kuma a cikinta akwai 'yan ƙwayoyin ƙarfe, kowacce sai ta daidaita da arewa kafin sabuwar laka ta binne ta. Na ce to, sahu ke nan. Sai ta ɗora yatsa a wani hawa: nan sahun ya karkace gaba ɗaya, can sama ya dawo daidai. Wai maganaɗisun duniya ya taɓa barin gida, ya sha yawonsa, ya komo.

Wallahi sai da na miƙe tsaye! Duniya guda da yawon dandi! Ina cikin dariya sai wani tunani ya faɗo mini. Allurar kamfas ɗina wa take bi in ba shi ba? In yanzu ma yana waje fa, ina na juya goshin 'ya'yan mutane?

"Baba, shekaru dubbai ke nan da yin abin."

"Malama, wanda ya taɓa fita ai ya san hanya."

Na zura takalmi, yalla, sai masallacin unguwa. Na ajiye kamfas a gaban mihirabi. Allura ta yi 'yar rawarta, sannan ta tsaya cak inda ta saba tsayawa. Tamam! Kabbarar da na yi sai da ladan ya fito a guje, ya zaci wani ne ya musulunta.

Kujerata ta tsira. Sai dai tun ranar, in na gama saita wa ɗalibi, nakan ɗaga masa yatsa in ce, "Ga alƙiblarka, ɗana. In arewa ta sake fita yawo, a tuhumi laka, ba ni ba."