Shekarar da Yamandú Ya Hau Tudu da Wuta

Duk wanda ya san Yamandú Techera, mai gyaran keke a layinmu a Paysandú, ya san abu biyu ne ba a taɓa masa: matarsa Nélida da tantinsa. Tantin kore ne a da, yanzu kuwa faci ya fi asalin yadin yawa.

Kowace shekara idan makon hutun Ista ya zo, gari ya watse zuwa bakin ruwa, mu maƙwabta mukan bi shi kogin Queguay. Shi ke hura wuta ranar farko, kuma ba ta mutuwa sai ranar naɗe kaya. A kanta ake gashin nama, a gefenta ƙoƙon shayinmu na mate yake zagayawa hannu zuwa hannu. Ba a hura ta biyu. Wuta biyu a zango ɗaya, ai an ɓata ke nan.

Ƙanin Nélida, Tabaré, yana da mota mai ɗaki, da gado da murhu har da bayi a ciki. Shekara da shekaru Yamandú bai bar shi ya sha ruwa ba.

"Ka ɗauko gidanka ka sa masa taya. Me ya hana ka jawo unguwar gaba ɗaya?"

"Mijin Yaya," in ji Tabaré, "kai dai da wahala aka ɗaura maka aure."

Bara aka yi wa Nélida aiki a ƙugu, likita ya ce ita da kwanan ƙasa sun yi sallama. Ga shi tun tana amarya ba ta taɓa fashin kogin nan ba.

"Tsoho, ku tafi abinku, ni zan tsare gida," ta ce masa, tana ta goge tukunyar da ta riga ta goge.

Washegari Yamandú ya ce in raka shi gidan Tabaré. Ya daɗe yana duba tayoyin motar kamar mai shirin saye.

"Akwatin nan naka yana tafiya kuwa?"

"Wane akwati? Kira sunanta da ladabi."

"Motar."

"Ƙara dai."

"Motarka mai albarka, ja'iri! Yayarka zan kai kogi."

Dariyar Tabaré ta tsaya. Ya miƙa makulli, sannan ya ce, "To ni ina zan kwana?"

"Ga tanti. Ka shiga da ladabi, ya girme ka."

Da muka isa, motar ta tsaya a kan tudu, don gangaren yashi ne, ga rassa sun sunkuyo. Yamandú ya gyara wa matarsa kujera a ƙofar mota, sai ƙafarsa ta yi abin da ta saba. Ya gangara gindin bishiyoyinmu na kullum ya hura wuta, mu kuma muka kakkafa tantuna kewaye da ita.

Sai da mate ya fara zagayawa muka farga. Yamandú ya cika ƙoƙon, ya miƙa hagunsa inda Nélida ta saba zama, hannunsa ya tsaya a iska. Muka ɗaga kai. Tana can sama ita kaɗai, tana ɗago mana hannu wai kada mu damu. An kawo ta kogi, an bar ta tsaron gida.

Wani ya ce a hura mata 'yar wuta a can. Yamandú ya dube shi.

"Faɗa muka yi da ita?"

Ya ɗauki shebur, ya ɗebi garwashi, ya kama hawa. Tsoho mai furfura, gwiwa na ƙara, hayaƙi na shigar masa ido, yana tafe yana kare garwashin da hularsa. Ya juye a gaban motar, ya dawo ya ƙara, har can ƙasa babu sauran garwashi. Bai ce kowa ya biyo shi ba. Mu dai muka ciro turaku muna gunaguni, don saman nan babu inuwa, ga iska, ga ruwa da nisa. Amma ina za ka zauna, wuta ta tafi?

Nélida ta karɓi ƙoƙon, ta zuƙa, ta yatsina fuska.

"Ruwan ya huce, tsoho."

"Sha haka, tsohuwa. Daga nesa ya zo."

Da safe Tabaré ya rarrafo daga tanti yana riƙe da baya, yana tambayar wa ya shuka duwatsu a ƙarƙashinsa. Yamandú kuwa, wanda kullum yake riga tsuntsaye tashi, sai da rana ta take ya buɗe ƙofar mota, da shatin matashi a kumatu. Na tambaye shi yaya kwanan.

"Ban runtsa ba," ya ce. Ya juya ya miƙa wa Nélida hannu, ta sauko a hankali.