Yankan Wa?

Tun tana budurwa Lea ke sayar da kaji a Tudun Ƙofa. Kirista ce, don haka maƙwabcinta Malam Ishaƙa ke yanka mata, kowa ya ci hankali kwance.

Sai kajin kwali suka shigo daga ƙetare, daskararru, masu araha, ta koma kansu. Mai saye kan tambaya, "Yankan wa?" Ita ma ba ta sani ba, amma takan ce, "Yankan Musulmi." Da farko bakinta kan yi nauyi. Yanzu ko ɗago kai ba ta yi.

Ranar Kirsimeti ta kai wa Malam Ishaƙa shinkafa da cinyar kaza. Shi bai tambaya ba. Tana tsaye ya yi bismilla, ya ci.